Ku Bar Mu Mu Zuƙo Rubutu

Akwai wani ƙaramin zalunci da ake yi mana kullum a fuskar waya, kuma saboda ƙanƙantarsa ba mu taɓa kai ƙararsa ko'ina ba. Mutum ya buɗe shafi, ya tarar da rubutu ƙanana kamar jerin kiyashi, ya sa yatsu biyu ya buɗa domin ya zuƙo shi kusa, shafin ya kafe ya ƙi motsi. Wani shafin kuma zai motsa, amma haruffan su narke, su yi dishi-dishi kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Sai dattijo ya ce idonsa ne ya tafi, matashi ya ce wayarsa ce ta arha, wani ya ɗora wa netiwok. A mafi yawan lokuta duk ukun ba su da laifi. Mai laifin yana can zaune gaban babbar kwamfuta, ya gina shafi daidai idonsa, ya manta cewa akwai mai karatu a Tsafe da Bungudu.

Mu masu karatu a Zamfara muna da hujjar da ta fi ta kowa ta yin magana a kan wannan. Wayar hannu ita ce jaridarmu, ita ce ɗakin karatunmu, ita ce allon sanarwarmu. Ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, a waya yake fara duba komai kafin ya biya kuɗin mota. Mun san darajar wannan taga tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, muka yi makonni ba kira ba saƙo. Wanda ya taɓa rasa abu gaba ɗaya ba ya raina rabinsa. Shafin da ya buɗe amma ba ya karantuwa, a wurin mai raunin gani, daidai yake da shafin da bai buɗe ba, ga kuma data ta tafi.

Domin kada a ce muna surutu ne a kan abin da ba mu sani ba, bari mu shimfiɗa yadda abin yake aiki. Fuskar waya cike take da ɗige-ɗige masu haske, waɗanda ake kira fiksel. Su ne bulon da ake gina kowane harafi da kowane hoto da su. Mai tsara shafi kuwa ba da wannan bulon yake awo ba. Yana da nasa ma'aunin, fiksel na lissafi, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta ƙayyade a matsayin kashi ɗaya cikin 96 na inci, idan ana kallo daga nisan hannu. Ku ɗauki misalin magini. Mai zanen gida yana cewa ɗaki ƙafa goma sha biyu ne, bai damu da girman bulo ba. Magini ne zai lissafa bulo nawa ke shiga ƙafa ɗaya. Idan bulon ƙanana ne, da yawa za su shiga, bangon kuma ya fi santsi. Burauza, wato Chrome ko Firefox ko Opera, ita ce maginin, kuma tana riƙe da lamba guda da ke faɗin bulo nawa ke cikin ƙafa ɗaya. Sunan lambar a wurin masu rubuta manhaja devicePixelRatio. Mu kira ta ma'aunin ɗigo.

A da lambar 1 ce kusan ko'ina, ba wanda ya damu da ita. A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPhone 4 mai ɗigo 326 a kowane inci, ya ninka na wadda ta gabace ta, lambar ta koma 2. Daga nan kowane kamfani ya kama gabansa. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika hannayenmu, da yawansu faɗin fuskarsu ɗigo 720 ne, ma'auninsu kusan 2, don haka shafi yana ganin faɗin 360. Ƙananan da ke da ɗigo 480 sukan ba da 1.5, shafi ya ga 320. Masu tsada suna ba da 3, wasu kuma lamba mai ɓurɓushi irin 2.625 ko 2.75. Saboda haka shafi ɗaya yana sauka a kan bulo iri-iri, kuma wanda ya gwada aikinsa a na'ura ɗaya tak bai gwada komai ba.

Zuƙowa iri biyu ce, a nan ne kuma ake yawan tuntuɓe. Ta farko ita ce ta yatsu biyu. Wannan kamar matsowa kusa da bango ne. Ginin bai sauya ba, ma'aunin ɗigo bai motsa ba, kai ne ka takaita ganinka ga wani yanki, shi ya sa sai ka riƙa jan shafin hagu da dama. Ta biyu ita ce ƙara girman shafi gaba ɗaya, wadda ake yi a kwamfuta da maɓallin Ctrl da alamar tarawa, ake kuma samu a saitin wasu burauzoji na waya. Wannan tsawaita ƙafar awo ce kanta. Ɗauki kwamfutar shagon buga takardu a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau, mai faɗin ɗigo 1366 da ma'auni 1. Idan aka zuƙo zuwa kashi 200, Chrome da Firefox za su ce wa shafi ma'auni ya zama 2, faɗi kuma ya koma 683. Gilashin bai ƙara ɗigo ko ɗaya ba, amma shafin yana jin labarin cewa yana kan na'ura mai ninkin kaifi kuma mai rabin faɗi. Safari na Apple kuwa ya daɗe ba ya sauya lambar idan an yi irin wannan zuƙowa. Ke nan lambar ba shaidar ingancin gilashi ba ce. Rabo ne tsakanin awo biyu, kuma yana iya sauyawa mai karatu yana tsakiyar karatu.

Me wannan ke haifarwa? Rubutu na gaskiya, wanda aka buga harafi-harafi, ba ya jin tsoron zuƙowa ko wace iri. Burauza tana da siffar kowane harafi a matsayin lanƙwasa da layi, duk girman da aka nema za ta sake zana shi tas. Haka zanen da aka ajiye a tsarin SVG, domin shi ma umarnin zane ne. Hoto kuwa adadin ɗigonsa a ƙirge yake tun ranar da aka ɗauke shi. Idan aka shimfiɗa hoto mai faɗin ɗigo 360 a kan ɗigo 720, sai burauza ta cike giɓin da kintace, kintacen nan shi ne dishi-dishin da muke gani. Akwai kuma wani allon zane da masu manhaja ke kira canvas, wanda ake zana taswira da jadawalin alƙaluma da akwatin sa hannu a kansa, har da shafukan takardun PDF a cikin burauza. Shi ma hoto ne. Idan mai ginin bai ninka girmansa da ma'aunin ɗigo ba, zai fito a dushe tun kafin a taɓa shi. Idan ya ninka sau ɗaya lokacin buɗe shafi, bai sa kunne ga sauyin lambar ba, da zarar an zuƙo sai ya koma gidan jiya. Lamba mai ɓurɓushi kuma tana da nata sharrin. Kwamfutar da aka saita a kashi 125 aka ƙara zuƙowa kashi 110 tana ba da 1.375, layin da aka ce kaurinsa ɗaya ne sai ya faɗi tsakanin ɗigo biyu, shi ya sa a jadawalin sakamakon jarrabawa za ka ga wani layi ya yi kauri, wani ya yi siriri, wani ya ɓace.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai ɗan dushewa ba ya hana fahimta. Wanda ya faɗi haka da Turanci yake tunani. Rubutun Hausa na boko yana rataye ne a kan ƙugiya. Tun shekarun 1930, lokacin da hukumar fassara da talifi ta Zariya ta daidaita haruffa masu lanƙwasa, bambancin ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k ya koma ɗan ƙaramin lanƙwaso a saman harafi. A rubutu mai girman da burauza ke bayarwa da kanta, wato fiksel 16, wannan lanƙwason bai wuce ɗigon lissafi biyu ko uku ba. Shi ne farkon abin da dushewa ke cinyewa. Idan ya tafi, baƙi sun koma baki, faɗa ta koma fada, ɓari ya koma bari, ƙafa ta koma kafa. Ƙashi kuwa ba sai mun faɗi abin da yake komawa ba. Mai karatun da ya ƙware zai cinka daga yanayin jimla, amma yaron da ke koyo da dattijon da ya yi yaƙi da jahilci ya girma, su ne ake barin su a tsaye. Dukkan haruffan nan suna da gurbinsu a tsarin Unicode, kowace waya ta zamani tana iya nuna su. Ba mu da uzurin ɓoye su a cikin hoto.

Amma hoto muke yi. Sanarwar makaranta, jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, takardar ofis, jadawalin biyan kuɗi, sai a buga a takarda, a sa hannu, a ɗauki hoton takardar a karkace, a ɗora a shafi. Daga can wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura WhatsApp, manhajar ta matse shi don rage nauyi, na gaba ya sake ɗauka ya sake turawa. Kafin takardar ta isa Kwatarkwashi, lambar 3 da 8 sun zama 'yan biyu, ranar rufe rajista ta koma abin musu a majalisa. A jihar da hanya ke da hatsari, wanda ya taso daga Tsafe zuwa Gusau domin ya tabbatar da kwanan watan da ya kasa karantawa a waya, ba kuɗin mota kaɗai ya saka a ciki ba. Wanda ya ɗora hoton zai ce yana so a ga hatimi da sa hannu. Madalla, a ɗora. Sai a rubuta abin da takardar ta ƙunsa a ƙarƙashinta da haruffa na gaskiya. Aikin minti biyar ne.

Mu marubuta ma hannunmu dumu-dumu yake cikin wannan miya, kuma ga 'yan'uwanmu marubuta muke son mu fi ɗaga murya. Tsoron ɓarayin fasaha ya sa wasu suna mayar da babi guda hotuna, su lulluɓe shi da tambarin suna, wasu kuma su sa a kulle shafi yadda ba a kwafa ba a zuƙowa. Tsoron na gaskiya ne, mun san yadda littafin da aka sayar wa mutum ɗaya ke kwana a zaure ashirin. Sai dai maganin ba ya kama ɓarawo. Wayar da ke hannun ɓarawon tana da manhajar da ke tsamo rubutu daga hoto cikin daƙiƙu, Google Lens ma kaɗai ta isa. Wadda aka kulle a waje ita ce Hajiya mai shekara hamsin da biyar da ta biya kuɗinta, wadda ta fara karatun littattafan Hausa tun suna zuwa daga kasuwar Kano a ɗaure cikin kwali, yanzu kuma idonta yana neman manyan haruffa. Haka makaho da ke sauraron littafi ta manhajar da ke karanta rubutu da murya, a wurinsa shafin hoto shafi ne fari fat. An yi shinge ɓarawo ya tsallake, mai gida ya rasa ƙofa.

Masu gina shafuka suna da nasu uzurin, kuma ya kamata a saurare su kafin a ba su amsa. Na farko, suna cewa zuƙowa tana wargaza musu tsari, akwatuna su hau kan juna. Gaskiya ne, tana wargaza tsarin da aka kafe da ƙusa. Amma mun riga mun ga cewa ƙara girman shafi daidai yake da rage faɗinsa. Shafin da aka gina ya iya zama a faɗin 320 zai karɓi zuƙowar kashi 400 a kwamfuta mai faɗin 1280 ba tare da ya karye ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idojin W3C na sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman suka nema a bugun 2018. Bugun 2008 ya riga ya ce a bar rubutu ya ƙaru har kashi 200, ya kuma ce a guji hoton rubutu inda rubutu zai yi. Faɗin 320 ɗin nan kuwa shi ne faɗin ƙaramar Itel. Wanda ya yi wa mai raunin gani adalci ya yi wa mai wayar arha, da aiki guda.

Uzuri na biyu shi ne na kullewa. Layi ɗaya ne a saman shafi, user-scalable=no ko makamancinsa, da ke ce wa burauza kada ta bar yatsu su zuƙo. Da yawa sun kwafo shi ne daga wani shafin ba tare da sun san aikinsa ba. Wasu sun sa shi ne don iPhone takan zuƙo da kanta idan aka taɓa akwatin rubutu mai haruffa ƙasa da fiksel 16, abin yana ba su haushi. Maganin wannan a bayyane yake, a ƙara girman haruffan akwatin. Apple da kansa ya ga ɓarnar layin, tun 2016 ya sa Safari ta daina yi masa biyayya. Sakamakon haka shi ne mai iPhone yana zuƙowa yadda ya so, mai Android kuwa, wato mu, shi ne kullewar ke kamawa. Mai ginin da ke gwaji a iPhone ɗinsa ba zai taɓa sanin ya rufe wa kowa ƙofa ba.

Uzuri na uku ya fi sauran nauyi, domin ya shafi aljihu. Suna cewa hoto mai kaifi yana shan data, kuma ku ne kuke kukan data. Wannan haka yake. Hoton da aka yi wa ma'auni 2 yana ɗauke da ɗigo ninki huɗu, na ma'auni 3 ninki tara, domin faɗi da tsawo duk suna ninkuwa. Har ma akwai tarko a ciki. Shafin da ke zaɓen hoto bisa ma'aunin ɗigo, idan dattijo ya ƙara girman shafi don ya ga rubutu, lambar ta hau, shafin yana iya ɗauka cewa na'ura ce mai tsada ya sauko masa da manyan hotuna. Raunin ido ya zama haraji. Amma duba inda wannan hujjar ta kai mu. Babi guda na littafi a rubutu na gaskiya bai kai nauyin hoto ɗaya na shafi ɗaya ba. Idan da gaske tausayin datarmu ake ji, hanya mafi arha ita ce mafi kaifi: rubutu ya zama rubutu, tambari da jadawali su zama zanen SVG, hoton mutane da wurare a tsaya da shi a ninki biyu, domin abin da ya wuce haka ido da ƙyar yake bambancewa a fuskar waya.

Akwai kuma masu cewa ai sai a sayi tabarau. Muna so su faɗi wannan a gaban iyayensu. Raunin ganin abu na kusa yana fara sallama ne daga wajen shekara arba'in, kuma ba ya tsallake kowa, har da mai gina shafin, in Allah Ya ja kwanansa. Tabarau kuma ba ya gyara hoton da ya riga ya dushe, kamar yadda ba ya hana hasken rana kashe fuskar waya a tashar mota. Nijeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Mun saba fahimtarta da gangaren keken guragu a ƙofar ofis. Yau ƙofar ofis da yawa shafi ce, kuma gangarenta shi ne barin mutum ya ƙara girman rubutu.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar kasafin kuɗi. Duk wanda zai ba da kwangilar shafi a jihar nan, makaranta ce ko ofis ko mujalla, kada ya biya sai ya karɓi wayar mai gadi ko ta masinja, ya fita rana, ya buɗe shafin, ya sa yatsu biyu. Sannan ya koma kwamfuta ya ƙara girma zuwa kashi 200 ya ga ko akwatin cike suna yana nan. Matasanmu da ke koyon gina shafuka a Gusau su cire layin kullewa daga duk abin da suka kwafo, su riƙa ninka allon zane da ma'aunin ɗigo, su kuma sa shafin ya sake zane duk lokacin da lambar ta sauya. Marubuta su ba mu haruffa masu ƙugiya da za mu iya ƙara wa girma, su nemi kariyar haƙƙinsu ta hanyar da ba za ta hukunta wanda ya biya ba.

Mu masu karatu kuma akwai abin da ke hannunmu tun yau. A cikin saitin Chrome na Android, a sashen Accessibility, akwai maɓallin Force enable zoom, wanda idan aka kunna shi yake karya kullewar shafi. A kunna wa iyaye da kakanni, a nuna musu inda ake ƙara girman rubutu. Idan sanarwa ta zo a hoton da ba ya karantuwa, kada a tura ta gaba a haka, a nemi asalinta, ko wanda ya iya karantawa ya rubuta ta da hannu ya haɗa. Idan kuma shafi ya ƙi zuƙowa, a rubuta wa masu shi a gaya musu. Da yawansu ba mugunta ba ce, ba a taɓa gaya musu ba ne, domin kowa yana zargin idonsa ya yi shiru. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idonmu ya auna, ya ce rubutun nan ya yi ƙanƙanta, kuma shi ya kamata a gaskata kafin kwamfutar mai zane.